Faifan da Ya Maƙale a Motarta

Ni ba mai jin waƙa ba ce. Duk wanda ya san ni a unguwarmu ta Levenshulme a Manchester zai ba da shaida: in ka shigo kicin ɗina, ko dai karatun Alƙur'ani ka tarar, ko wa'azi, ko kuma ni kaina ina yi wa wani faɗa. Amma a ƙarshen watan Agustan bara sai ga ni zaune cikin wata tsohuwar mota a ƙofar gidana, kifin da na sayo a Stockport Road yana narkewa a kujerar baya, ina sauraren wata Ba'amurkiya mai murya kamar wadda mura ta daɗe a ƙirjinta, na kasa buɗe ƙofa in fita.

Motar ta 'yata ce, 'yar farina, yayar Imran. Za ku lura ban faɗi sunanta ba. Haka aka yi ni. A gidanmu a Kazaure uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta jan sa jiki a gaban mutane. Inna har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan Yaya Nuru ba, kuma ranar da aka zo da labarin ya yi hatsari a hanyar Daura ita ce ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Babu mahaluƙin da ya taɓa tambaya ko tana son sa. Sai dai shi Yaya Nuru yana da kaka da ke lallaɓa shi, da goggonni da ke yi masa kirari tun daga zaure. Mu da muka taso zuwa Ingila, rabin al'adar muka ɗauko, kakar muka baro a gida. Yarinyar ta tashi tsakanin 'ya'yan Turawa da iyayensu ke kiran sunansu a ƙofar makaranta kamar za su cinye su, ita kuwa "ke" take ji, sai "yayar Imran". Ni kaina Maman Imran ake ce min.

Abin ya fashe ne ranar walimar samun gurbin jami'a da muka yi wa Imran. Falo cike da matan likitoci da na injiniyoyi, ni ina ta kai kawo, Imran kawo kujera, Imran duba ƙofa. Na juya na ce mata, ke, miƙo min tiren can. Ta ɗauko tiren, ta ajiye a kan tebur a hankali, ta dube ni da Turancin nan nata na 'yan Manchester ta ce, "Mum, what's my name?"

Sunanta take tambayata, a gaban mutane. Mata suka yi dariya, ni ma na yi, don me zan yi in ba dariyar ba? Na ce ta je ta tambayi ubanta, shi ya yanka ragon. Aka ƙara shewa. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Shekarunta ashirin da huɗu, tana aikin ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ba a jima ba ta nemi aiki a Birmingham, ta kwashe kayanta, ta bar makullin motarta a kan firji. Da farko ba ta ɗaukar wayata. Daga baya wayar ma ta daina shiga.

Na yi fushi, fushi mai kyau kuwa. Na ce da yunwa ko kewa ta kama ta za ta dawo. Azumi ya zo ya wuce, salla ta zo ta wuce, babbar salla ma haka. Fushin ya ƙare ya bar ni da tsoro, kuma tsoro bai san lokacin aiki ba, bai san lokacin salla ba.

Babanta likita ne a wani asibiti a Oxford Road, kuma shi boko ya riga ya cinye shi, gatsau yake kiran sunanta tun tana zanen goyo. Shi takan turo wa saƙo jefi-jefi, layi ɗaya, lafiya lau nake. Wata safiya yana shan shayi ya ajiye kofin ya ce min ta sami aiki a Ostireliya, ƙarshen Satumba za ta tashi, kuma ta ce ba za ta biyo gida ba. Ya nemi adireshin flat ɗinta ta hana shi, don ta san a hannun wa zai ƙare.

"Ki ba ta lokaci, Zinatu," ya ce. "Na'ima ba yarinya ba ce."

Lokacin ne fa ba ni da shi. Daga Birmingham mutum yana iya dawowa ko da bas ne. Ostireliya kuwa na duba ta a waya, na ga in muna rana su suna dare.

A makon ne motata ta shiga gareji, Dakta ya ce in riƙa hawa tata kafin a sayar, tunda tana nan tana ruɓewa a bakin titi. Ina murɗa makulli kiɗa ya tashi. Na danna wurin fitar da faifai, ya ƙi fita. Na danna rediyo, shiru. Wurin kashewa ma ya mutu, rage murya kawai ake iyawa. Na rage na ja tsaki, na ce dama ga irin abin da ya lalata min yarinya.

A danja ta biyu na ƙara muryar kaɗan, don kawai in ji me ake cewa in sami abin zagi. Jita ce, da ganga mai tafiya a hankali, sai wani abu can baya da yake kuka irin na goge amma ya fi goge jan rai. Matar ba ta buɗe baki sosai, Turancinta a tauna yake fita, sai da waƙar ta zagayo wajen sau uku kafin na kama zancen. Wata mata ce ubanta ya rasu, ta loda shanunsa ta kai kasuwa. Tana ba da labarin taɓon hanya, da tayar baya da ta yi sanyi, da shayin da ta saya ya huce ba ta sha ba. Ta ce mutumin da ya saye su yana da hannu mai kyau, ta ga yadda ya shafa wuyan tsohuwar saniyar. Ta dawo gida da yamma, ta buɗe famfo ta cika kwamin ruwa kamar kullum, sai da ya cika ta tuna babu mai sha. Nan waƙar ta tsaya. Ko sau ɗaya ba ta ce ranta ya ɓaci ba, ba ta ce tana kewar uban ba.

Ina ƙofar gida lokacin. Na ji bakina ya ce, "Matar nan tana da kunya." Kakana na wajen uwa mai shanu ne, na san abin da ake nufi da a wayi gari garke ba kowa. Amma ba shanun ne suka kama ni ba. Ban taɓa zaton akwai Baturiyar da ta san a zagaye ciwo ba tare da an taɓa shi ba. Ni a sanina su komai faɗa suke yi, ko karensu ne ya yi tari sai an zauna an tattauna. Ga wata can ƙarshen duniya tana magana irin ta Inna.

Daga ranar na zama abin tausayi. Ni da nake zuwa ofis a Salford a taragon cikin gari, sai na koma tuƙi don kawai in zauna da matar. Akwai waƙar wani da ke gyaran rufin gidan da zai bari, akwai ta wasu 'yan'uwa biyu da ba sa zancen komai sai ruwan sama. Ban san sunanta ba, babu kwalin faifan a motar, sai na sa mata Mai Mura. Har yau haka nake ce mata, har yau kuma ita nake ji, motar ma na hana a sayar.

Goodnews ce ta gano min ita. 'Yar Jos ce, tare muke a sashen lissafi, irin yaran nan da waya ta zama musu hannu na uku. Na rage mata hanya wata yamma, ta ji kiɗan ta dube ni ta dubi abayata, ta kwashe da dariya. Ta kanga wayarta a sifika, nan take suna da hoto suka fito. Ta ce ai wannan country ce, waƙar ƙauyawan Amurka, amma ba irin ta masu malafa da ake sakawa a rediyo ba. Waɗannan su suke rubuta abinsu, a ƙananan ɗakuna suke wasa, ba su cika yin suna ba.

"Anti, wannan fa waƙar masu damuwa ce," ta ce. "Wa ya taɓa ki?"

Nan da nan hankalinta ya koma kan wayar. Tana ta ja da yatsa sai ta ce, kin ga, tana ma ƙasar nan yanzu. Glasgow, Leeds, Birmingham. Na Birmingham wasan rana ne, Lahadin ƙarshe a watan Satumba. Na taka birki a inda ba a tsayawa, na baya ya danna min hon.

Lissafina mai sauƙi ne. Faifan nan ya sha saurare, wasu wuraren har tsalle yake yi don tsufa. Wadda ta ji shi haka ba za ta bari matar ta zo har garin da take ba ta je ba, balle tana shirin barin ƙasar. Sannan akwai abin da na riƙe a raina kamar igiyar guga: in har yarinyar nan tana son Mai Mura, to tana jin maganar da ba a faɗa ba. In ta ji ta bakin Baturiya, me zai hana ta ji tawa? Ba sai na ce komai ba. Ta gan ni kawai, ni Zinatu, a irin wannan wuri, za ta gane.

Goodnews ta saya min tikiti a waya. Da na gaya wa Dakta ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni ko na san ƙasan irin wuraren nan mashaya ce. Na ce na sani. Ya ce in kuma ba ta zo ba fa? Na ce to na ji waƙa. Ya so ya raka ni amma yana da aiki a asibiti ranar, kuma gaskiya ban so ya zo ba, don in ya zo shi za ta kalla.

Ranar Lahadin aka wuni ana yayyafi. Babbar hanyar M6 ta cushe tun kafin Stoke, ana gyaran hanya, motoci suna jan ciki. Na tsaya na yi azahar a wurin hutawar matafiya, na roƙi Allah abu ɗaya tak, ya sa tana wurin. Ban roƙi komai bayan wannan ba, don na ɗauka sauran mai sauƙi ne. Ina shiga Birmingham na ɓata, na zagaya wani shataletale har na fara gane fuskokin masu jiran bas. Da na sami wurin ajiye mota a unguwar Digbeth an riga an fara.

Wurin wasan tsohuwar masana'anta ce ta jan bulo. Sai ka ratsa mashayar kafin ka kai matakala. Na tattare mayafina na toshe hanci, ina istigfari ina cewa a ba ni hanya. Yarinyar da ke ƙofa, da zobe a hanci, ta duba wayata ta yi min murmushi kamar kullum take ganin hajiyoyi a wurin. Ɗakin ya cika maƙil, kowa a tsaye, yawancinsu Turawa ne masu furfura da riguna masu gida-gida. Na sami bango a can baya na jingina, gwiwata ta hagu tana min zugi saboda matakalar.

Ban daɗe ina dubawa ba na gan ta. Tana gaba, gefen hagu, ta ba ni baya. Ba na bukatar fuska. Ta karkata kan ƙafa ɗaya ta harɗe hannu, tsayuwar Inna sak, ɗankwalinta ya zame baya. Ta rame. Kafaɗunta sun fito a cikin rigar sanyin da ni na saya mata. Na yunƙura in kutsa, amma tsakanina da ita mutane ne jiki da jiki, kuma wurin ya yi tsit, ko tari mutum ya yi sai an waigo. Na ce bari a gama wannan waƙar.

Mai Mura kuwa 'yar ƙaramar mata ce, gashinta ya yi fari, da tabarau, in ka gan ta a hanya ka ce malamar firamare ce. Gefenta wani dattijo zaune da wani abu kamar ƙaramin tebur mai tsirkiyoyi, yana goga masa guntun ƙarfe, ashe shi ne mai kukan nan. Ba ta rawa, ba ta kallon kowa, ƙasa take kallo. Da ta ɗauko ta shanun sai na ji gwiwar ta daina ciwo. A mota na san waƙar, a nan kuwa ina jin numfashinta, ina ganin yadda take ɗan dakatawa kafin ta kai wurin famfon kamar mai shirin ɗaga kaya. Daga inda nake ina hango gefen fuskar yarinyata, leɓenta yana motsi tare da na matar. Ni ma nawa yana motsi. Na yi kuka sosai, na sa gefen mayafi a baki don kada a ji. Ban taɓa jin kusa da ita kamar lokacin ba, kuma ba ta ma san ina ɗakin ba.

Waƙa ta bi waƙa, kowacce sai in ce bari a gama wannan. Sai kawai na ji tafi, aka kunna fitilu, wani ya tura wata ƙofa kusa da dandamali wadda ban lura da ita ba. Na gaba suka fara fita ta nan. Ina kallo ɗankwalinta ya bi su ya ɓace.

Ban san ina da ƙarfin ture mutane ba sai ranar. Na taka ƙafar wani, na zubar wa wata abin shanta, ban tsaya ba da haƙuri ba. Ƙofar ta kai ni wata matakalar ƙarfe a waje, jiƙe da ruwa, na sauka ina riƙe da ƙarfen gefe, ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar tsohuwa. Da na taka ƙasa ta yi nisa. Ta kusa matsayar bas, ga bas ɗin kuma can ya tsaya a danja, jira kawai yake a sake shi.

Na ce "ke", babu wanda ya waigo. Na ce "yayar Imran", iska ta kwashe. Gudu ba zan iya ba. Sai na faɗe shi. Tun ranar da aka raɗa mata shi bai taɓa bi ta bakina ba, ya fito ɗan siriri, a shaƙe, ko mutumin da ke taku biyar gabana bai ji ba.

Wani tsoho mai farin gemu da ke gefena ne ya ji. Ya ga fuskata, ya ajiye lemarsa, ya tambaye ni ko 'yata ce ta ɓata. Na ce eh. Ya ce me sunanta? Na sake faɗa masa, a kunne. Ya sa hannu biyu a baki ya kwarara kira, matarsa ta kama, wasu samari masu shan taba a bakin bango suka kama. Kafin in ankara rabin titin yana kiran sunanta, wasu har suna sunkuyawa suna leƙa tsakanin motoci, don sun ɗauka ƙaramar yarinya ake nema.

Ta waigo. Ta ga baƙin fuskoki suna ta kiran ta, ta gan ni a tsakiyarsu, bakina a rufe.

Ta tako a hankali har ta zo inda muke iya jin juna. Masu kiran suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya suna kallonmu. Idanunta sun yi ja, ita ma ta yi kuka a ciki. Ta dubi abayata da ta jiƙe, ta dubi ginin da na fito daga ciki. Da Hausa ta yi magana, Hausar da rabona da in ji ta a bakinta tun tana sakandare.

"Mama, ke kika faɗa musu?"

Na gyaɗa kai.

"To ina ji."

Bas ɗin ya iso bayanta ya buɗe ƙofa, mutane suka fara hawa. Ba ta waiwaya ba, ni take kallo. Kuma kowa ni yake kallo, tsohon, matarsa, samarin. Sunan yana nan a kan harshena, yanzu-yanzu na faɗe shi, na san yadda ake yi. Amma faɗa wa bayanta daban, faɗa wa idonta daban. Na ji kamar dukan matan gidanmu suna tsaye a bayana. Na buɗe baki, wallahi da niyyarsa na buɗe.

"Kin ci abinci?" na ce.

Ta daɗe tana kallona. Ba fushi a fuskar, da ma fushin ne.

"Na ci," ta ce.

Ta juya ta hau. Ta wuce ta zauna a ɗaya gefen, inda ba na hango ta, ƙofa ta rufe, bas ɗin ya ja.

Tsohon ya ɗauki lemarsa ya matso yana fara'a, ya tambaye ni ita ce? Na ce ita ce. Ya ce to madalla, ya juya ya ɗaga murya ya gaya wa sauran su kwantar da hankalinsu, an gan ta.